Wa ya taɓa zura hannu a kwata saboda sule?

Ɗan Jakara:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da safe na raka autana makaranta, muna cikin tafiya sai yaron ya ja mini riga ya ce, "Abba, me ka yar?" Ashe tun da muka fito kaina a sunkuye yake, idona na bin gefen kwata. Na ce masa ba komai, amma ni na san abin da ke faruwa. Ruwan da aka kwana ana tafkawa ne ya taso mini da tsohuwar sana'a.

Mu da muka yi yarinta a cikin birnin Kano a shekarun 1980, duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi ba sai an tashe mu ba. Ana sallame sallar asuba za ka ga yara sun bazu a lungu, kowa da tsinkensa. Ruwa yakan kwaso duk abin da ya faɗi ya gangara da shi wajen Jakara, leda da kara da silifa wari guda, amma kuɗi na da nauyi, ba ya nisa. Inda kwata ta yi kwana, ko inda ruwan indararo ya haƙa ɗan gurbi, nan yake kwanciya tare da ƙusoshi da fasasshiyar kwalba da wani baƙin yashi mai laushi. In ka ga baƙin yashin nan, to tsuguna. Muna da wani tsohon murfin langa da muka huhhuda da ƙusa, shi ne rariyarmu. A ɗebo taɓo a zuba, a girgiza cikin ruwa, can sai ka ji ƙwal. Wallahi har yau ban ji ƙarar da ta kai wannan daɗi ba.

Yawanci kwabo ne, jan nan da ya yi baƙi ƙirin, sai an dirje shi da tsamiya ko toka kafin mai alawa ta yarda ta karɓa. Ran sa'a a samu sisi, wato kwabo 5. Sule kuwa, wato kwabo 10, sai a yi wata guda ba a gan shi ba. Amma babbar tsintuwar da na taɓa yi ba a kwata ba ce, a bakin injin markaɗe na lungunmu ne, wata ranar Alhamis cikin daminar 1986, ina ɗan shekara tara. Sule biyu da sisi, wato kwabo 25, babban farin nan mai hoton dalar gyaɗa, yana kwance fes, ko ƙura babu a jikinsa. Na ɗora ƙafa a kai, na sunkuya kamar mai cire ƙaya, na damƙe. Ranar na sha rake, na ci gullisuwa, na yi hayar keke, har na saya wa abokina ƙanƙara.

Ku fa, ina ne ma'adininku?

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam. Mu mata ina muka ga ta shiga kwata, ai sai a karya mutum. Namu wurin biki ne. In ana kiɗan ƙwarya ko kalangu, da silalla ake liƙi, a manna wa mai rawa a goshi, gumi ya ɗan riƙe shi sannan ya faɗo. Makaɗa na da yaronsu mai bi yana tsincewa, amma ƙafafun mata sun fi shi sauri, kafin ya kai hannu an tattake wasu cikin ƙasa. Washegari ni da ban ƙi a ce an hana shara a duniya ba, ni ce ta farkon ɗaukar tsintsiya. Innarmu har yabona take yi a gaban baƙi, wai yarinyar nan akwai tsafta.

Ɗan Jakara:
Hhhh. Allah ya jiƙan Inna, an ci amanarta.

Na-Funtuwa:
Ku duk ƙananan ma'aikata ne. Ni a tasha na yi digirina. Gidanmu na bayan tashar mota a Funtuwa. Kwandasta na rataye a ƙofa, fasinja na miƙo kuɗin gyaɗa ta taga, mota ta riga ta fara tafiya, mai talla na bin ta da gudu da faranti a ka. A tsakanin hannu da hannun nan kuɗi ke zubewa. Akwai wani kwalbati mai murfin kankare da 'yar tsaga wadda hannu ba ya shiga, sai dai ka kwanta rub da ciki ka leƙa, ka hango su can ƙasa suna ƙyalli kamar idon mage. Da fari cingam muke taunawa mu liƙa a bakin kara mu zura, in babu cingam mu jiƙa ƙaro. Sau goma za ka ɗago shi, yana zuwa daidai tsagar ya suɓuce. Daga baya muka fasa wata matacciyar rediyo muka ciro mayen ƙarfen da ke bayan lasifika, muka ɗaura masa zare. Daga nan aiki ya zama kamun kifi. Wannan tun 1983 nake ba ku labari.

Injiniya:
Na-Funtuwa, na yarda da cingam, na yarda da ƙaro, amma mayen ƙarfe a 1983 ban yarda ba. Silallan da ake kashewa a lokacin su ne waɗanda aka fitar a 1973, kuma ko ɗaya mayen ƙarfe ba ya kamawa. Kwabo da rabin kwabo tagulla ne, sisi da sule da kwabo 25 kuma haɗin jan ƙarfe ne da nikel. Ka kwana kana zura masu maye, ƙusa kawai za ka ɗago. Sai a 1991 aka sake su, aka ƙanƙanta kwabo 1 da 10 da 25, aka mayar da kwabo 50 da naira 1 daga takarda zuwa ƙarfe. Waɗannan cikinsu baƙin ƙarfe ne, shafe kawai aka yi masu a baya, shi ya sa suke tsatsa in sun daɗe a ruwa, shi ya sa kuma maye ke cafke su.

Na-Funtuwa:
Injiniya kai dai ba ka bari a ji daɗin labari. Da idona fa na gani.

Injiniya:
Ban ce ba ka gani ba. Wanda kuka fi ɗagowa, hoton me ke jikinsa?

Na-Funtuwa:
Masara. Sai kuma naira ɗaya mai kan mutumin nan mai gashin baki.

Injiniya:
To ka gani. Mai masara kwabo 50 ke nan, mai gashin baki kuma Herbert Macaulay. Duk 'yan 1991 ne.

Na-Funtuwa:
Tsaya. Yanzu na tuna, lokacin mayen ƙarfen nan bangon tasha duk fastocin Abiola da Bashir Tofa ne. Ke nan 1993 ne. Cingam ɗin ne na 1983.

Maman Ilham:
Ke nan da gemunka kake kwanciya a bakin kwalbati.

Na-Funtuwa:
Ƙannena nake koya wa aiki, Hajiya. Ni mai ba da shawara ne kawai, ana ba ni kasona.

Baba Mai Ritaya:
Yara, na ga kuna ta sisi da sule, ko kun san inda sunayen suka fito? Ni na yi tawa tsintuwar a Tudun Wadan Zariya tun ana kashe fam da sule, wajen 1962 zuwa 1966. A lokacin kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Sisi kwabo 6, taro kwabo 3, nai kwabo 9, ahu kwabo ɗaya da rabi. Rabin kwabo shi ake ce wa ɗari, wasu su ce sisin kwabo, domin kamar yadda sisi yake rabin sule haka shi ma yake rabin kwabo. In kun ji mutum ya ce ba shi da ko sisin kwabo, to abin da yake nufi ke nan. Anini kuwa sai an tara 10 suke zama kwabo, kuma ko a zamaninmu ya riga ya mutu, sai dai ka tono shi a tsohon kango. Mai huda ne a tsakiya da tauraro, da rubutun Larabci a jikinsa. Har yau ma ana ce wa abin kafaɗar hafsan soja anini.

Kwabon da muka fi tsinta shi ma mai huda ne, na 1959, wato shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara fitar da kuɗinsa. Hudar nan ta yi mana rana, don zare muke zurawa mu rataya a wuya cikin riga, aljihu ba abin yarda ba ne. Taro shi ne ya fi daɗin tsinta, ruwan ɗorawa ne mai kusurwa 12, ko a duhu ka taɓa shi ka san shi ne.

Wurin aikinmu filin idi. Ana watsewa daga salla, a bi sarki da dawakai, mu sai mu tsaya a baya. Dubban mutane sun zauna a ƙasa da sababbin riguna, sun yi ruku'u sun yi sujada, aljihun gaba kuma ba ya riƙe ƙarfe in mutum ya sunkuya. Mukan jeru kamar masu kalar gyaɗa bayan an gama roro, mu bi sahu-sahu muna share ƙasa da ƙafa. Wata sallar layya na tashi da sule ɗaya da taro, na ji kamar in sayi Zariya.

Ranar 1 ga Janairun 1973, zamanin Gowon, aka koma naira da kwabo. Fam ɗaya ta zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Sisi ya tsira saboda ya faɗa daidai kwabo 5, amma taro bai samu gurbi ba, sai ya bi anini. Tsofaffi sun daɗe suna cewa an cuce su kwabo biyu a kowane sule, ba irin bayanin da ba mu yi wa kakata ba, har ta rasu ba ta yarda ba. Kuma har yau in ɗan kasuwa ya ce maka jaka guda yana nufin naira 200, lissafin fam 100 ne yake yi bai sani ba.

Ɗan Jakara:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi ban taɓa sanin ma'anar sisin kwabo ba, kuma kullum sai na faɗe shi.

Ɗan Maraɗi:
Gaisheku 'yan uwa na Najeriya. Ku kuna zancen abin da ya wuce, mu nan Maraɗi har gobe yara na tsintuwa, don kuɗɗinmu na ƙarhe ba su mutu ba. Lissahinmu da dala muke yi. Wanda anka rubuta 5 a kai, dala guda ke nan. Mai 25 dala biyat, mai 50 dala goma, mai 100 dala ashirin, takardar 1000 kuma jikka guda. Baƙo in ya zo sai ya ruɗe, a ce mishi dala ashirin ya tsaya neman mai lamba 20.

Da muna yara dala biyat ita ce tsintuwar kirki, ja ce mai kauri, tana sayen ƙuli da ɗan rogo. Tun da anka karya darajar sefa cikin Janairun 1994 dala guda ta koma abin wasa, ko ka gan ta ƙasa sai ka yi shawara kahin ka duƙa. Amma daga 2003 anka hiddo dala arba'in da dala ɗari na ƙarhe masu launi biyu. Yaron da ya tsinci dala ɗari yau, wannan ya tsinci dami a kala.

Ni abin da ya taɓa ba ni haushi, na tsinci sulenku na Najeriya bakin tashar motocin Katsina. Na kai ma mai tebur, ya juya shi ya ga itacen kwakwar manja, ya jeho min abina. Na aje shi wata huɗu cikin gwangwanin tumatir ina jiran kawuna ya tai Jibiya ya sawo min wani abu. Ya karɓa, ya tahi, ya dawo, har yau bai ƙara tada zancen ba.

Baba Mai Ritaya:
Ɗan Maraɗi, mu a nan dala sule biyu ce, wasu su ce fataka. Sunan dala ya samo asali ne daga wani babban kuɗin azurfa na Turawan Ostiriya mai kan wata sarauniya, Mariya Tereza, wanda fatake suka riƙa shigowa da shi ta Sahara. Duk wanda ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa ko yaushe aka buga shi. Maƙeran farfaru sun narkar da su da yawa sun yi mundaye da zobba. Wannan kam ban taɓa jin yaron da ya tsince shi a hanya ba.

Ummu Sadik:
Ni mamaki kuke ba ni, ku ba a tsorata ku ba? Mu a Kaduna tun muna ƙanana aka cusa mana cewa duk wanda ya ɗauki kuɗi a hanya zai rikiɗe ya zama doya, ko akuya, masu shi su zo su saka a buhu. Kowa ya san wani da ya san wani da abin ya faru a unguwarsu, amma ba wanda ya taɓa ganin doyar da idonsa. Na taɓa ganin naira ɗaya a mararrabar hanyar makarantarmu, na tsaya a kanta har aka kaɗa ƙararrawa, zuciya ɗaya na cewa ɗauki, ɗaya na nuna mini kaina a cikin tukunya ana sakwara da ni. Na tafi na bar ta. Da aka tashi tara na dawo da gudu, wani mai ƙarfin hali ya riga ni.

Na-Funtuwa:
Ai akwai makari. Fitsari ake yi a kai, ko a tofa yawu sau uku a taka da ƙafar hagu. Duk wani tsafi ya karye.

Maman Ilham:
A'uzu billahi. Sannan ku kai wa mai alawa ta karɓa da hannunta?

Na-Funtuwa:
Ana ɗaurayewa mana.

Ummu Sadik:
Amma fa ba duka ne ƙarya ba. Akwai wanda ake ajiyewa da gangan. Na sha ganin silalla a mararraba tare da ƙwai da farin goro da jan ƙyalle, wannan ko mahaukaci ya san ba faɗuwa suka yi ba. Yanzu da na girma na gane iyayenmu ba doya suke tsoro ba, satar yara suke tsoro, da kuma kada yaro ya saba da kuɗin da bai san tushensa ba. Sai dai da sun faɗa mana haka kai tsaye da ba mu ji ba.

Malam Na-Zaure:
Tun ɗazu nake bin ku ina dariya, don ni ma ban tsira ba, a makarantar allo mun sha tonon ƙasa a inda ake raba sadaka. Amma tunda an zo nan bari in ɗan saka baki. Tsintuwa babi ce guda a fiƙihu, luƙaɗa ake ce mata. Abin da ba shi da wata ƙima, wanda mai shi ba zai dawo nema ba, babu laifi a amfana da shi. Hujjar malamai ita ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga dabino guda a hanya, ya nuna cewa ba don tsoron ko na sadaka ne ba da ya ci. Abu mai ƙima kuwa, sai ka kiyaye siffarsa da abin da aka ƙunshe shi da abin da aka ɗaure shi, ka yi cigiya shekara guda a inda jama'a ke taruwa, bakin kasuwa ko ƙofar masallaci, ba cikin masallaci ba. In mai shi ya zo ya faɗi siffa, ka ba shi abinsa. Tsintuwar Makka ma ba a ɗaukarta sai don cigiya.

To kwabon da ruwa ya binne a kwata wata da watanni, wannan ba mai nemansa. Amma kalmar "ba shi da ƙima" tana da santsi. Sule a wurin Alhaji ba komai ba ne, a wurin wani shi ne abincin dare.

'Yar Mai Ƙosai:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tun da aka fara hirar nan kowa na ba da labarin ranar da ya tsinta, ba wanda ya ba da na ranar da ya yar. Ni ce mai yarwar.

Na yi tallan ƙosai daga shekara bakwai har aka yi mini aure. Kafin in fita mahaifiyata za ta ƙirga ƙosan a gabana, in na dawo ta zazzage kuɗin a kan tabarma ta kusanto da fitila ta ƙirga. Ba ta yi boko ba, amma ko kwabo ya ɓace sai ta gane. A cikin cinikin nan ake fitar da kuɗin wake da mai na gobe, abin da ya rage shi ne cefane.

Wata magariba a ƙofar masallacin unguwarmu, wani dattijo ya sayi na sule, ya miƙo mini, hannuna duk mai, ya zame. Na ji faɗuwarsa, na ga inda ya gangara. Yara uku na tsaye a wurin. Na sauke faranti na tsuguna ina laluben ƙasa, biyu suka taya ni, na ukun ya tsaya ƙyam yana kallon sama, ƙafarsa ta dama ko motsi. Na san yana ƙarƙashinta. Shi ma ya san na sani. Amma ɗan masu gida ne, ni kuma 'yar talla, bakina ya kasa cewa ɗaga ƙafarka. Na yi ta zagaya ƙafar nan da hannu har aka tayar da salla duhu ya rufe.

Da na koma gida ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Ta ƙirga sau biyu, ta ɗaga tabarma ta duba, ta ce in kakkaɓe zanena. Sannan ta yi shiru ta ɗaure sauran a haɓar zaninta. Washegari da safe kokonmu ba sukari. Yaron nan yanzu babban mutum ne, muna haɗuwa a wurin biki mu gaisa, amma ni ƙafarsa nake fara kallo.

Maman Ilham:
Wayyo. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Na-Funtuwa:
Hajiya ki yi haƙuri, amma yarinta ce. Wanene a cikinmu bai taɓa taka kuɗi ba? Ai mu har doka muke da ita, in ka tsinta wani ya riga ka cewa "raba daidai" sai an raba, shi ya sa kowa ke takawa ya yi shiru sai an watse.

Malam Na-Zaure:
Na-Funtuwa, takawa don kada abokai su ce a raba daban, takawa mai shi na tsugune a gabanka yana nema daban. Na biyun ba sunansa tsintuwa ba. Alƙalami bai hau kan yaro ba, gaskiya ne, amma haƙƙin dukiya ba ya faɗuwa don wanda ya ci yaro ne.

'Yar Mai Ƙosai:
Ni na yafe masa tuni. Mantawa ce dai ta gagara.

Auta 2003:
Iyayena ina ta karatu kamar tatsuniya. Ni tunda nake ban taɓa sayen komai da kuɗin ƙarfe ba. Na dai ga naira 1 da naira 2 masu launi biyu a cikin durowar babanmu, ya ce na zamanin da Soludo ke gwamnan Babban Banki ne, a 2007 aka fito da su, bankuna suka riƙa haɗa wa mutane da su amma masu shago suka ƙi karɓa. Mu abin da muka tsinta shi ne naira 5 ko 10 ta leda da ta koɗe, ita ma iska ke yawo da ita, sai ka bi ta da gudu. Yanzu ko ita yara ba sa duƙawa. Abin da ake tsinta a unguwarmu katin ATM ne da layin waya.

Injiniya:
A 2012 ma an so a mayar da naira 5 da 10 da 20 ƙarfe, lokacin Sanusi Lamiɗo Sanusi na gwamnan Babban Banki, tare da takardar naira 5000. Jama'a suka yi ca, aka jingine maganar. Da an yi, Auta, da kai ma ka san kwata.

Yaya Babba:
Salamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan, 'yata ce ta ce in zo in ga abin da kawunta ya rubuta. Na karanta tun daga sama. Kai Ɗan Jakara, injin markaɗe na lungunmu ka ce? Ranar Alhamis? Da damina?

Ɗan Jakara:
Yaya, ina wuni. Ashe kina nan.

Yaya Babba:
Ina nan daram. Bari in ƙarasa wa jama'a labarin tunda kai rabi ka bayar. Ranar Inna ta aike ni markaɗen shinkafar wainar sadakar Juma'a, ta ba ni sule biyu da sisi ta ce in dawo da canji. Na ɗaure a bakin mayafi. Ina sauke roba a layi na duba, ƙulli ya kwance. Mai inji ya ce ba kuɗi ba markaɗe. Na koma gida da jiƙaƙƙiyar shinkafa a ka ina kuka, Inna ta karya mini mafici a baya, ta ce wasa na tsaya. Kai kuma ka shigo da magariba gaban rigarka duk ruwan rake. Har kai ka riƙe mini fitilar ƙwai muka koma bakin injin muna dubawa, kana ta cewa "Yaya duba can, Yaya ko ya faɗa kwata."

Maman Ilham:
Innalillahi! Hhhhh. Asiri ya tonu bayan shekara kusan arba'in.

Na-Funtuwa:
Kai, ko mu 'yan tasha ba mu kai nan ba. Har da riƙe fitila!

Ɗan Jakara:
Yaya, wallahi lokacin da na ɗauka ban san naki ba ne, ba kowa a wurin sai robobi a layi. Sai da na shigo gida na tarar kina kuka sannan na gane, a lokacin kuwa ko ficika ba ta rage ba. Na so in faɗa, na kalli maficin da ya karye, na kalli muciya a jingine, sai na ga riƙe fitila ya fi mini sauƙi. Na ɗauka kin manta. Ki yafe mini don Allah.

Yaya Babba:
Ka ji abin da Malam ya ce, haƙƙin dukiya ba ya faɗuwa.

Ɗan Jakara:
Na ji. Turo lambar asusunki, ki faɗi ko nawa ne.

Yaya Babba:
Ba na son taransifa. Abina nake so, sule biyu da sisi, fari, mai dalar gyaɗa. Da rake sanda guda, tunda ban sha ba a ranar.

Ɗan Jakara:
Yaya a ina zan samo shi yanzu? Ko a Kurmi sai an sha wuya.

Baba Mai Ritaya:
Ina da guda uku a cikin wani gwangwanin madara tare da taro da kwabo mai huda. Ka zo Zariya ka karɓi ɗaya. Amma ba kyauta ba, ka taho mini da gurasa.

Yaya Babba:
Mun gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kai kuma in ka karɓo ka kawo mini da hannunka, kada ka aiko yaro ya yar a hanya.